Yadda ake dasa bedi (dogon yaro) a ƙofar gida ya tsallake rani

A nan Katsina damina gajera ce, don haka a yi dashe cikin Yuli da ruwa ya zauna, saiwa ta samu ta kama kafin ƙarshen Satumba.

Da farko zaɓi wuri, aƙalla taku 5 daga katanga. Saiwar bedi ba ta jin kunyar gini. Haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, faɗinsa ma haka. Cakuɗa ƙasar da ka tono da ruɓaɓɓen taki, ka barbaɗa toka saboda gara. Ban da ɗanyen kashin kaji, ƙona saiwa yake yi.

Sai ka sa reza ka tsaga ledar da dashen ya zo a ciki, ka zare ta a hankali kada ƙasar ta warwatse. Wasu da ledar suke binnewa, in ya mutu su ce irin ne ba kyau. Saka shi a rami, mayar da ƙasa, danne da ƙafa, ka bar ɗan gurbi inda ruwa zai kwanta.

Ranar da ka dasa, ranar za ka kewaye shi da ƙayar magarya ko aduwa. Bara na ce sai gobe, kafin la'asar awaki sun bar mini tsinke biyu a tsaye.

Da hunturu ya shigo, binne tsohon tulu mai ɗan huji a gefensa, bakin a waje da murfi. Riƙa cika shi duk bayan kwana 3. Ruwan alwala ma ya isa, amma ban da na omo.