Yadda za ka raba saba ɗaya ta yi aikin kwamfutoci uku

A wani ofishi da nake yi wa gyara a Unguwar Rimi, akwai saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, mai RAM gigabait 32 da ba ta komai sai riƙe manhajar albashi. Tana ta shan man janareta a banza, abin ya dame ni. Gida uku muka raba ta.

Da farko, kwashe duk bayanan da ke ciki zuwa faifan waje, ka buɗe su ka tabbatar sun kwafu. Kada ka yi sakaci a nan, domin girka Proxmox VE, manhajar da za ta raba sabar, yana share faifan sabar kakaf.

Sai ka shiga BIOS, wato saitin da ake shiga tun sabar tana kunnuwa, ka kunna VT-x in sabar mai Intel ce, ko AMD-V in mai AMD ce; shi ne saitin da ke ba da damar raba ta. Sauke ISO ɗin Proxmox, wato fayil ɗin girka shi, kyauta ne, ka zuba a filashi, ka tayar da sabar daga shi. Ba ta adireshin IP tsayayye, wato lambar da ake gane ta da ita a netwok, wadda ba ta canzawa.

Daga wata kwamfutar, buɗe burauza, rubuta https:// da adireshin, ka ƙara :8006 a ƙarshe. Nan za ka ƙirƙiri injinan, wato kwamfutoci uku na manhaja da za su yi aiki a cikin sabar: na albashi, na ajiyar fayiloli, na shafin ofis. Kowanne ka yanka masa rabonsa na RAM, ka bar wa Proxmox aƙalla gigabait 2. In ɗaya ya maƙale, sauran ba ruwansu.

Saura wuta. Yanzu in aka ɗauke ta, ukun ne za su mutu tare, don haka jona sabar da inbata ko UPS tun kafin ka miƙa aikin, sannan ka saita kowane inji ya tashi da kansa in sabar ta kunnu.