Yadda Ake Gano Yoyon Iskar Kwamfaresa a Masana'anta

Iskar da kwamfaresa ke matsawa tana cikin abubuwa mafi tsada a masana'anta, domin mafi yawan wutar lantarkin da injin ke sha zafi take komawa, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ne kawai ke zama aikin da iskar za ta yi. Inda ba a kula da bututu ba kuwa, yoyo kan kwashe kashi 20 zuwa 30 na iskar da aka matsa. A nan Damagaram, ko a babban kamfani, ko a wurin ƙulla ruwan leda, ko a garejin fenti, wannan asara tana fitowa ne a takardar kuɗin wuta ta kamfanin lantarki NIGELEC da kuma kuɗin gazuwal na janareta.

A fara da awo kafin a shiga neman huji. A zaɓi ranar Lahadi ko bayan an tashi daga aiki, a kashe duk injin da ke amfani da iska, a bar kwamfaresa kaɗai a kunne. Tunda babu mai jan iska, duk lokacin da ya tashi yana tura iska, yoyo yake ciyarwa. A riƙe agogo, a rubuta mintunan da ya yi yana matsawa da mintunan da ya yi yana hutawa, a maimaita sau 8 zuwa 10, a fitar da matsakaici. Sai a raba lokacin matsawa da jimlar lokutan biyu, a ninka da 100. Idan ya yi minti 2 yana aiki, ya huta minti 6, to kashi 25 cikin 100 na ƙarfinsa yana tafiya a banza. Tsarin da ake kula da shi bai kamata ya wuce kashi 10 ba.

Daga nan sai a bi bututu tun daga tankin iska har zuwa bakin kowane inji. Da wuya a samu huji a tsakiyar bututun ƙarfe. Yoyo ya fi zama a mahaɗa, da inda aka ɗaure tiyo, da bakin da ake cirewa ana mayarwa, da matatar iska, da ɗan famfon zubar da ruwa da ke ƙarƙashin tanki, wanda sau da yawa akan bar shi a ɗan buɗe. Zafin watannin Afrilu da Mayu yana busar da roba har ta tsattsage, ƙurar hunturu kuma tana cinye zoben roba na cikin mahaɗa, saboda haka tiyon da ke kwance a rana shi ya kamata a fara dubawa.

Kunne yana kama babban yoyo idan wuri ya yi tsit. Ƙanana kuwa sai da ruwan sabulu: a kaɗa sabulu a cikin kwalbar fesawa, a jiƙa mahaɗar sosai, a tsaya a zuba ido. Idan kumfa ta fara tasowa tana kumbura tana fashewa, an samu wurin. Wani lokaci ƙwayoyin kumfar ba su fi ƙwayar gero ba, kuma sai an yi haƙuri na rabin minti kafin su bayyana. Wanda ke da hali ya sayi na'urar jin siririn sauti, wadda ke sauraren kusan kilohaz 40 (ma'aunin sirantar sauti), alhali kunnen mutum ba ya wuce 20. Amfaninta shi ne tana aiki ko injuna na ruri, tana kuma nuna yoyon da ke can sama kusa da rufi.

Kada a raina ƙaramin huji. A matsin bar 7 (bar shi ne ma'aunin matsin iska), huji mai faɗin milimita 1 yana fitar da kusan lita 1 a kowace daƙiƙa, mai milimita 3 kuwa kusan ninki 9 na haka, abin da ke cin wajen kilowat 3. A awa 10 kullum, kwana 300 a shekara, hakan ya kai kilowat-awa 9,000.

Duk inda aka gani a ɗaura masa alama mai lamba, a rubuta a littafi, a fara gyara manyan. A rufe iska a sauke matsi kafin a sa sifana, a sauya tiyon da ya mutu gaba ɗaya. Ni ban yarda da naɗe shi da tsohuwar robar taya ba, domin ba ta daɗewa. Bayan gyara a sake awon farko, sannan a rage matsin kwamfaresa kaɗan kaɗan, tunda rage bar 1 kan rage kusan kashi 7 na wutar da yake sha.

Idan iskar ta gas ce ko asitilin na masu walda, kada a kusanto da ashana ko wata wuta don gwaji. Oksijin kuma ba ya shiri da mai ko giris, don haka ruwan gwajin da aka yi dominsa kawai za a shafa masa. Iskokin nitirojin da argon ba su da wari, suna iya shaƙe mutum a rufaffen ɗaki, saboda haka a buɗe ƙofofi da tagogi kafin ma'aikaci ya shiga dubawa.