Yadda ake ƙirga beyar girizili da gashinta ba sai an kama ta ba

Girizili wata ƙatuwar beyar ce ta dazukan Kanada da Amurka, ga ta da gudun mutane, toh ta yaya za ka san nawa suka rage? A da sai an ɗana tarko an mata allurar barci, ita ta wahala masu aikin ma ransu na cikin haɗari. Cikin shekarun 1990 masu bincike a lardin British Columbia na Kanada suka gano gashinta kaɗai ya isa.

Da farko ka yanka taswirar dajin gida-gida, a jihar Montana ta Amurka kilomita 7 tsawo 7 faɗi suka yi kowane gida. A kowane gida ka nemi bishiyoyi ka zagaye su da waya mai ƙaya layi ɗaya, tsayinta daga ƙasa kamar santimita 50 yadda dole sai ta goge ta ko ta sama ta bi ko ta ƙasa. A tsakiya ka tara itace ka kwarara ruwan ruɓaɓɓen kifi da jinin shanu, wari kawai, kar ka bar mata abin ci don in ta saba samun abinci wajen mutane ƙarshenta harbe ta ake yi, wannan kam abin tausayi ne.

Bayan sati 2 ka dawo, nan ne aikin yake wallahi. Da safar hannu da hantsaki za ka bi ƙaya ɗaya bayan ɗaya, kuma ka lallaɓa don DNA ɗin, wato ƙwayar halittar da ke bambanta kowace beyar da wata, a saiwar gashin yake, gashin kowace ƙaya ambulan ɗinsa daban na takarda banda leda saboda laima na lalata shi, ka rubuta wuri da rana sannan ka babbake ƙayar da laita kar tsohon gashi ya gauraya da sabo. Bishiyoyin da beyar ke goga baya ma ana sa musu guntun waya.

Sauran na ɗakin gwaji ne, su za su ware na baƙar beyar (wani jinsi ne daban), su faɗi mace ko namiji, su ba kowacce lambarta. Sai a maimaita zagayen, in waɗanda aka gani a baya ne ke ta dawowa to ba su da yawa, in sababbi ke fitowa akwai saura a daji.

Haka tawagar mai bincike Katherine Kendall ta yi a 2004 a arewa maso yammacin Montana, yankin da ya haɗa da gandun dajin Glacier, samfurin gashi kusan 34,000, suka tantance girizili 563, lissafi ya nuna sun kai wajen 765.