Yadda ake lanƙwasa rodi don zoben ginshiƙi

Masu aikin ƙarfe a gine-ginen Jidda da Makka kan samu matsala a zobe, wato siririn rodin da ke kewaye dogayen rodunan ginshiƙi ya ɗaure su, wanda Larabawa ke kira kana. In ginshiƙi santimita 30 ne kowane gefe, bar wa kankare santimita 4 ta ko'ina, zoben ya zama 22 da 22.

Ga rodi mai kaurin milimita 8, turken da za a lanƙwasa a kansa kada ya gaza milimita 32, wato ninki huɗu na kaurin. Turke siriri ke tsaga bayan rodin, tsagar kuma ba kullum ido ke ganinta ba. Ja hannun abin lanƙwasawar sau ɗaya, a hankali, ka ɗan zarce kusurwar, domin ƙarfe yakan ja da baya in an sake shi. Bakunan biyu a murɗa su ciki digiri 135, jela santimita 8. Masu tsayawa a 90 sauri kawai suke yi, zoben na buɗewa in nauyi ya danna.

Kada a gasa rodi da wuta, kada a miƙar da wanda aka riga aka lanƙwasa. Rodi mai koren fentin hana tsatsa kuwa, a sake shafa fentin duk inda ya ɓare, gishirin iskar Jidda ba ya jira.