Kurakuran da Masu Fara Koyon Fazi Lojik Suka Fi Yi

Fazi lojik fanni ne na lissafi da ke ba magana matakin gaskiya tsakanin 0 (ƙarya zalla) da 1 (gaskiya zalla). Tun da masanin lissafi Lotfi Zadeh ya fito da wannan fanni a 1965, kuskuren da ya fi kama masu farawa, har da ɗaliban da nake gani a nan Zariya, shi ne ɗaukar matakin gaskiya a matsayin yiwuwar faruwa. Idan ka matsa mangwaro a kasuwar Sabon Gari ka ji ya fara laushi amma gindinsa kore ne, ka ba nunarsa 0.7, ba caca kake yi ba, domin mangwaron yana hannunka kuma babu abin da ya ɓoye maka. Mangwaron da ke cikin buhu, wanda aka ce akwai yiwuwar kashi 70 ya nuna, shi ne batun rashin sani. Ni dai kafin in rubuta kowace lamba nakan tambayi kaina: da zan san komai game da abin nan, lambar za ta koma 0 ko 1? In za ta koma, lissafin yiwuwa ne. Na ga ɗalibi ya shafe zango guda yana tilasta wa matakansa su haɗu su ba da 1, alhali fannin bai shar'anta haka ba, aikin ya tashi a banza.

Na biyu ya fi ɓata mini rai. Yaro ya yi mako biyu yana karatu, sai ka ji shi a majalisa yana cewa an rushe manɗiƙin Aristotle, wato tsohon tsarin tunani da ke cewa kowace magana ko gaskiya ce ko ƙarya, yanzu kowa da gaskiyarsa. Haba! A dokokin Zadeh, idan zafin rana ya kai 0.7, rashin zafi 0.3 ne, kuma jimlar "akwai zafi ko babu" tana tsayawa a 0.7, ba ta kai 1 ba. Wannan ya shafi siffofin da ba su da iyaka tsayayya, irin su zafi da tsayi da tsufa. Bai shafi cewa 7 ba ta rabuwa biyu daidai ba, kuma da zarar lambobin sun zama 0 da 1 kaɗai, dokokin suna komawa manɗiƙin da malamai ke karantarwa a zaure.

Wasu kuma suna mantawa cewa mutum ne ke yanka matakan, don haka a rubuta dalilin kowace lamba. A daina cewa Zadeh ne ya fara wuce gaskiya da ƙarya, domin Jan Łukasiewicz ɗan ƙasar Polan ya kawo mataki na uku tun 1920.