Kurakuran da aka fi yi wajen kira wa tsoho motar zuwa asibiti ta manhaja

Kana wurin aiki, ka latsa waya, mota ta je ta ɗauki mahaifinka ta kai shi ganin likita. Sauƙi ne babba. Sai dai abu biyu kawai manhaja ta sani: inda za a ɗauka da inda za a sauke. Ba ta san gwiwar Baba ba ta lanƙwasuwa ba.

Daga nan kuskure mafi yawa yake tasowa, wato kira wa tsoho mota kamar kai za ka shiga. Direban manhaja a bakin titi yake tsayawa, ya jira 'yan mintoci, ya tafi. Dattijon da sai an riƙe shi zai sauko daga bene yana buƙatar wanda zai shigo har ɗaki. Kafin ka yi oda, tambayi kanka: yana iya takawa zuwa ƙofa? Keken guragunsa yana naɗewa, ko sai motar da ake tura keke ciki? Akwai tukunyar oksijin? Zai iya zama, ko sai a kwance? In sai a kwance ne, motar ɗaukar marasa lafiya za a nema.

Sai lambar waya. Asusun naka ne, don haka kai direba zai kira, alhali Baba yana zaune a ƙofar gida bai san motar ta iso ba. Yawancin manhajojin suna da wurin yi wa wani oda. Sa sunansa da lambarsa ko ta mai rakiyarsa. Tsarin Uber Health na kai majinyata asibiti, da aka fara a Amurka a 2018, ma asibiti ne ke yin odar, a sanar da majinyaci ta saƙon tes ko kira, ko da ƙaramar waya gare shi.

Kada ka rubuta sunan asibiti kawai. Na taɓa yin haka, aka sauke kakata a babbar ƙofa, sashen ido kuwa yana can bayan ginin. Da sandarta ta taka, tana hutawa a jikin bango, har lokacin ganin likita ya wuce. Har yau abin yana damuna. Ja alamar taswira zuwa ainihin ƙofar sashen, ka kuma rubuta wa direba. Rubuta abin da zai taimaka masa, kamar "ba ta ji sosai, a ɗaga murya", amma kada ka rubuta sunan ciwonta.

Mutane kan shirya tafiya su manta dawowa. Mai wankin ƙoda yakan je sau 3 a mako, ya yi wajen awa 4 a kan na'ura, ya fito a galabaice, wani lokaci da jiri. Kada a ƙayyade lokacin dawowa tun da safe. A bari sai ma'aikatan jinya sun sallame shi. Wanda aka yi wa allurar barci kuwa dole wani babba ya rako shi gida.

In baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, ko ƙirji ya ɗaure da ciwo, rufe manhajar ka kira lambar gaggawa. Direban haya ba shi da horo ko kayan ceton rai.