Kurakuran da masu kiwon maciji ke yi idan cutar IBD ta shigo

Boa, wata babbar macijiya mai kama da mesa, ta haɗiye ɓera, bayan kwana biyu ta amayar da shi. Mai ita ya ce sanyi ne, ya ƙara wa akwatinta ɗumi. Wani lokacin hakan ne. Amma idan aman ya ƙi tsayawa, tana ramewa, ta ɗaga kai tana kallon sama kamar mai duban wata, ko a kwantar da ita rigingine ta kasa juyowa, jinkiri ya zama kuskure. A kai ta wurin likitan dabbobi ya ɗibi jini a gwada. Waɗannan na iya zama alamun IBD (inclusion body disease), cutar da ke kama boa da mesa. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, daga dangin da ake kira arenavirus, wadda aka gano alaƙarsu a 2012, kuma har yau ba ta da magani ko rigakafi.

Kuskuren da ya fi yin ɓarna shi ne a ware wanda ya kwanta kaɗai, a ce sauran garau suke. Boa kan ɗauki cutar watanni, har shekaru, tana ci tana saɓa lafiya ƙalau, alhali tana yaɗa ta, har ga 'ya'yan da za ta haifa. Mesa kuwa ba ta da wannan juriyar, sau da yawa cikin 'yan makonni cutar ke gamawa da ita. Saboda haka duk wanda ya haɗa ɗaki da marar lafiyar sai an gwada shi, kuma sabon maciji ya yi aƙalla wata 3 a killace, wasu ma har 6. Kowanne da kwanon ruwansa da abin miƙa masa abinci. Marar lafiyar shi ne na ƙarshen dubawa, sannan a wanke hannu.

Ƙananan baƙaƙen ƙwarin nan da ake gani a kwanon ruwa ko gefen idon maciji ma kada a raina su, ana zargin suna kai cutar daga wannan akwati zuwa wancan.

Ɗura masa antibayotik ba ya taɓa bairos, sai dai ciwon baki ko na huhu da ya biyo baya. Idan ya kai ga ba ya iya ci ko daidaita jikinsa, ni a ganina barin sa azabtarwa ce, gara likita ya yi masa allurar da za ta hutar da shi. Gawar a sa ta a firji, kada a kai ta firiza, don ƙanƙara na lalata naman da za a bincika. Akwatin a wanke da ruwan bilic, katako da reshen da yake hawa kuwa a zubar.